Yadda za ka nemo tsohon jirgin feshin nan mai fiffike hawa biyu da kake ta kewa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan noma na Amurka a lokacin da tsofaffin jiragen feshi ke tashe, wato daga bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa wajen shekarun 1970, in ka tambaye shi me ya fi tunawa ba launin jirgin zai fara ce maka ba, kukansa zai ce. Gari bai gama wayewa ba, raɓa na kan ganye, iska ba ta ko motsi, sai ka ji wani rugugi can nesa kaman hadari na haɗowa, kafin ka sa takalmi ya zo ya wuce ta saman rufi kofuna na rawa a kan tebur, ya ɓace, sai kuma ya dawo. Haka zai yi ta yi har rana ta ɗaga.

Wasu da wannan suka tashi, wasu kuma a YouTube suka kamu da ciwon, duk ɗaya ne dai, kewa ce. An ce wai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni ban yarda gaba ɗaya ba, jiragen yanzu sun fi na da komai da komai in ana maganar aiki da tsaron rai, kawai dai ba su da wannan muryar ne. To in kai ma abun na damunka ga yadda za ka bi sawunsa, don zaman kallon bidiyo kaɗai ba ya kashe wannan ƙishirwar.

Fara da gano wanne ne ka gani

Mutane da yawa suna cewa "jirgin nan mai fiffike biyu" kaman guda ɗaya ne, alhali sun kai huɗu ko biyar waɗanda suka yi suna, kuma in ba ka san naka ba za ka yi ta yawo ne kana kallon na wasu kana cewa a'a ba shi ba ne.

In a Amurka ne kuma kan matuƙin a waje yake iska na dukansa, to mafi yawanci Stearman ne. Asalinsa ba jirgin gona ba ne, jirgin koyar da sojoji tuƙi ne da aka riƙa ƙerawa a garin Wichita na jihar Kansas, sojan ƙasa na kiransa PT-17 na ruwa na kiransa N2S, an yi dubbai. Da yaƙi ya ƙare a 1945 gwamnati ta rasa yadda za ta yi da su sai ta yi gwanjonsu, da 'yan ɗaruruwan daloli mutum zai ja ɗaya ya tafi, ga kuma samari matuƙa da aka sallama daga soja ba aikin yi. Shi ke nan faɗuwa ta zo daidai da zama. Kujeru biyu ne a jikinsa gaba da baya, sai a tsige ta gaban a dasa mazubin magani a wurin, matuƙi ya zauna a baya. Yadda za ka gane shi, jelarsa a zagaye take, ƙafafun tayarsa masu kauri ne kowacce sanda ɗaya, ga wayoyi sun gicciya tsakanin fiffiken sama da na ƙasa.

Sai ka ƙirga silinda in hoton ya fito sosai. Injin irin waɗannan jirage a zagaye yake kaman faifai, silindojin sun kewaye tsakiya, kuma kullum adadinsu mara ne ba cika ba, bakwai ko tara, saboda yadda wuta ke tsallake ɗaya ta kama na gaba har ta zagayo. In bakwai ka ƙirga to wataƙila Continental ne mai ƙarfin doki 220, irin wanda da yawansu suka fito da shi daga kamfani. In tara ne kuma hancin ya yi ƙato ya fi ƙarfin jikin, to Pratt & Whitney R-985 ne mai doki 450, wanda masu feshi suka riƙa cirowa daga wani jirgin koyo da ake kira BT-13 suna ɗaura wa Stearman don ya iya ɗaukan kaya a ranar zafi. Wannan na biyun shi ne mai tsawar nan da ke tsaga kunne, kuma ba injin kaɗai ke yin ta ba, bakin farfelar ne ke gudu har ya kusa kamo gudun sauti sai ya riƙa yage iska.

In kuwa jirgin ya fi kauri, kafaɗa a murɗe, matuƙi yana zaune can sama a bayan fukafukai, jela dogo mai kusurwa, ƙafafun taya siraran ƙarfe masu lanƙwasa, wannan Ag-Cat ne. Shi kam tun daga takarda don gona aka zana shi, kamfanin Grumman ne ya zana, ya fara tashi a 1957, amma kamfanin Schweizer na garin Elmira a jihar Niyu Yok ne ya riƙa ƙera shi, an yi sama da 2,000. Na farko-farko kansu a buɗe yake, daga baya aka yi musu rufi. Shi ne wanda har yau in ka yi sa'a za ka tarar yana aiki na gaske, musamman a yankunan shinkafa na Luwiziyana da Akansas da Tekzas, sai dai da yawa an cire musu tsohon injin an sa na zamani mai shan kananzir, za ka gane su da dogon hanci siriri da kuka kaman fito. Jikin na da, muryar ta yanzu. Ni dai ba ya gamsar da ni amma ya fi babu.

Wanda kuma ya ga nasa a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet ko gabashin Turai ko Sin ko Kyuba, ba sai an yi dogon bincike ba Antonov An-2 ne, ƙato mai tagogi a jiki kaman bas, farfela mai reshe huɗu, inji mai doki 1,000. Ya fara tashi ranar 31 ga Agusta 1947, an ƙera sama da 18,000, mafi yawa a garin Mielec na Polan. Rashawa na ce masa Kukuruznik, wato na masara, sunan da ya gada daga wani ƙaramin jirgi da ya riga shi mai suna Po-2. A Niyu Zilan kuwa Tiger Moth ne, ɗan siriri mai tsukakken hanci, wanda tun 1949 aka fara watsa takin zamani da shi a kan tuddan kiwon tumaki. Akwai ma wani abin dariya da Polan ta ƙera wa Sobiyet a shekarun 1970, M-15, fiffike hawa biyu amma da injin jet, ƙararsa ta yi yawa ga shan mai, 175 kawai aka yi aka haƙura. In wani ya ce maka yana kewar wannan to ka duba shi da kyau.

Lambar jela

In kana da tsohon hoto a gida, ko na kakanka ko wanda ka tsinta, abu na farko nemi lambar da ke jikin jirgin ko a jela. Na Amurka da harafin N suke farawa. Hukumar jiragen sama ta FAA tana da rajista a intanet kyauta, ka sa lambar ta nuna maka irin jirgin da lambar ƙirarsa da ko har yanzu yana raye. Sai dai ka yi hattara, ana sake ba wani jirgin lambar da aka soke, don haka lambar ƙira ta kamfani ita ce abin riƙewa ba ta jela ba. Da lambar ƙirar za ka shiga ƙungiyoyin masu Stearman a Facebook ka tambaya, akwai dattawa a ciki da ba su da aiki sai wannan, wani zai iya gaya maka gonar da jirgin ya yi aiki da shekarar da ya faɗi da wanda ya sayi gawarsa.

Ina ake ganinsu

Gidan tarihi dai shi ne mai sauƙi. A garin Jackson na jihar Misisipi akwai gidan tarihin jiragen gona na ƙasa, yana cikin harabar gidan tarihin noma da gandun daji na jihar, can za ka ga jiragen da kayan aikinsu a jiki, bututun feshi da mazubi da komai. Ka je, amma ka sani jirgin da ke rataye ko a tsaye a ɗaki shiru yake, kuma mun ce muryar muke nema.

Don haka taron masu jirage shi ne magana. A garin Galesburg na jihar Ilinoi ana taron Stearman duk watan Satumba tun 1972, jirage da dama su sauka a fili ɗaya mako guda ana tashi ana sauka. A Blakesburg ta jihar Ayowa ana na tsofaffin jirage a kan filin ciyawa wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, sai kuma babban na Oshkosh a Wiskonsin ƙarshen Yuli, wanda shi cunkosonsa ya yi yawa in Stearman kaɗai ka zo gani. Ka nemi masauki tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, ƙananan garuruwa ne ɗakunan ba su da yawa.

Amma bari in faɗi abin da ke ci min rai game da waɗannan tarukan. Kusan duk Stearman ɗin da za ka gani an mayar da shi kayan soja, jiki shuɗi fiffike ruwan ɗorawa, tauraro a gefe, yana sheƙi kaman yau aka fito da shi. To jirgin nan shekara nawa ya yi a soja? Uku ko huɗu. A gona fa? Wani ashirin wani talatin. Kuma ba don masu feshi sun saye su sun yi ta lallaɓa su ba da tuni an narkar da su an yi tukwane. Amma da an zo gyara sai a cire mazubin a jefar, a maido da kujerar gaba, a shafe duk wata alamar cewa ya taɓa shaƙar hodar auduga, kaman abin kunya ne. Saboda haka in ka je kar ka tsaya a fenti. Ka samu mai jirgin ka gaishe shi ka tambaye shi ko jirgin ya taɓa aikin gona, mafi yawa za su ce eh, sai ka roƙa ya nuna maka littafin tarihin jirgin in yana kusa, a ciki za ka ga ranar da aka sa mazubi da ranar da aka canza inji da duk karon da aka yi aka gyara. In ka ga wanda aka bari da kayan aikinsa, da ƙaton inji da kujera ɗaya, to ka zauna wajensa ka bar sauran.

Ka je kafin a tada inji

Wannan shi ne abin da 'yan kallo ke rasawa don suna zuwa ne bayan sun karya. Ka iso fili tun da duhu-duhu. Irin wannan injin in ya kwana, baƙin mai na tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa, in aka tada shi haka man ba ya matsuwa sai ya lanƙwasa ƙarfen ciki, asara babba. Shi ya sa za ka ga mutum ya tabbatar makunnin a kashe yake sannan ya kama farfela da hannu yana juya ta a hankali reshe bayan reshe yana saurare, kana jin injin na numfashi fuu, fuu, kaman saniya a kwance. In ya ji ta cije sai a kwance fulogin ƙasa man ya zuba. A ƙarƙashin hancin kuwa kullum akwai tire ko kwali da ya yi baƙi, masu shi na cewa in ka ga bai ɗiga ba to babu mai a ciki ne.

Sai matuƙi ya hau ya leƙa hagu da dama ya yi ihu a kauce, farfela ta juya sau biyu uku da kyar, silinda ɗaya ta yi tari, wata ta amsa, hayaƙi fari da shuɗi ya turnuƙe har jirgin ya ɓace a ciki, sannan sauran su kama ɗaya bayan ɗaya har kukan ya daidaita ya koma wani irin gurnani mai tsalle-tsalle da za ka ji a ƙirjinka. Warin man da ya ƙone ya gauraye da na ɗanyar ciyawa. Wallahi in dai kewar gaske ce ke damunka a nan za ta same ka, ba lokacin da yake sama ba.

Kar ka taɓa farfela ko da inji a kashe yake, kar ka tsaya a layinta ta gefe, kar ka jingina da fiffike don yadi ne aka ja aka shafe da fenti, biro a aljihunka ma na iya huda shi.

In ana ɗaukan mutane yawo da kuɗi ka shiga, ko na minti goma sha biyar ne. Ka toshe kunne, ka cire hula da duk abin da iska za ta fizge, waya kuma in ba ta da igiya a hannu ka bar ta a ƙasa. A gaba za a zaunar da kai, wato daidai inda mazubin magani yake a da, ka tuna da wannan in kun tashi.

In aikin gaske kake son gani

Nan ne ake bukatar hankali, don gona ba filin wasa ba ce. Ka nemi kamfanin feshi na yankin, yawanci ƙaramin fili ne da rumfar jirgi ɗaya da tankuna a gefe, ka kira su tun kafin lokacin aiki ya kankama, da rani ko da sanyi lokacin da suke kwance inji suna gyara, a nan suke da lokacin hira. Ranar da aiki ya yi zafi mutumin nan tun asuba yake sama, sauka yake a cika masa ya tashi ko inji ba ya kashewa, ba shi da lokacinka. Kuma ka kiyaye bakinka, da yawansu ba sa son tsohon sunan nan na "crop duster", wato mai barbaɗa wa amfanin gona hodar magani, suna ganin yana nuna su kaman 'yan ganganci, ga shi ma hodar an daina ta tuntuni, yanzu ruwan magani ne da taki da iri.

Abin da ya fi daɗin kallo kuma ya fi aminci shi ne shukar shinkafa ta sama, a Kalifoniya wajen kwarin Sakramento da kuma Luwiziyana, wajen Afrilu zuwa Mayu, gona cike da ruwa jirgi na watsa jiƙaƙƙen iri yana sauka kaman yayyafi. Iri ne ba guba ba, ga ruwa na maido hoton jirgin.

In kuma feshi ne, ka tsaya ta inda iska ke fitowa ba inda take zuwa ba, ka ɗebi ƙasa ka watsa ka gani in ba ka tabbata ba. Ka yi nesa sosai. Kar ka faka mota a ƙarshen gona daidai inda yake fitowa ya ɗaga, don a nan hankalinsa ya rabu gida uku, ga wayar lantarki ga bishiya ga juyi, kai kuma ka zo ka zama na huɗu, kuma dokar aikinsu ta hana su zuba magani ta yadda zai taɓa mutane, wato tsayuwarka na iya sa ya bar layin bai fesa ba ya sake dawowa, ka jawo masa asarar mai. Maganar jirgi mara matuƙi na ɗaukan hoto kuwa kar ma ka fito da shi daga jaka, mutumin nan tayarsa ba ta fi mita uku daga kan ganye ba yana gudun da ya haura mil ɗari a awa, ba zai gan shi ba sai ya shigo masa ta gilashi. Bayan an gama kar ka shiga gonar, kowane magani na da awannin da aka hana shiga bayan fesa shi. In tsautsayi ya sa ya taɓa ka, cire kayan, wanka da sabulu nan take, ka tambayi sunan maganin ka kira cibiyar kula da guba ko ka je asibiti da sunan a hannu.

Abin da za ka zuba wa ido shi ne juyin. Tafiyar cikin gona miƙaƙƙiya ce ba wani abu, amma in ya kai ƙarshe ya rufe feshi ya ɗaga hanci ya haye wayoyi, ya ɗan karkata gefe ɗaya sannan ya kwanto ɗaya gefen ya zagayo ya sulmiyo daidai layin da ke kusa da wanda ya bari, a nan ake gane gwani. Kuma a nan ne mai fiffike hawa biyu ya yi fice, fukafukansa gajeru ne amma biyu ne, suna ɗauke shi ko gudu ya ragu, sai ya juya a ɗan wuri kaɗan kaman shirwa. A nan ɗin ne kuma da yawa suka mutu, jirgi da nauyi gudu ya ragu a ja shi da ƙarfi sai fiffike ya saki, kuma babu tazarar da za a farfaɗo. Ka lura da wata waya da aka ja daga saman kan matuƙi zuwa ƙolin jela, da wuƙaƙen da ke gaban ƙafafun taya, duk saboda wayar lantarki aka sa su.

Dattawan

Jirgi ana iya gyara shi ya shekara ɗari, mutanen ne ke ƙarewa. Wanda ya tuƙa Stearman a gonar auduga a 1960 yau ya haura tamanin in yana raye. Ka neme su ta wajen kamfanonin feshin, ko ƙungiyar matuƙan gona ta jiha, ko wurin shan kofi na ƙaramin filin jirgi da safe. Ka je da hoto a hannu ko da ba nasa ba ne, hoto ke buɗe baki. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka ajiye wayar a tebur ka manta da ita.

Kar ka tambaye shi "yaya abun yake a da", ba za ka samu komai ba sai "lafiya lau". Ka tambayi ƙananan abubuwa. Wa ke cika masa mazubi, buhu nawa yake ɗauka da safe nawa da rana in zafi ya sa jirgi ya ƙi tashi, ta saman waya yake bi ko ta ƙasa, me yake ci a sama, ina yake tafiya in kakar auduga ta wuce, don da yawa bin damina suke daga jiha zuwa jiha wasu har Nikaraguwa, yadda tun a shekarun 1920 kamfanin Huff Daland ke kwashe jiragensa zuwa Peru in sanyi ya shigo Amurka. Wannan kamfanin fa shi ne ya fara a Macon ta Jojiya a 1925 ya koma Monroe ta Luwiziyana yana yaƙi da ƙwaron auduga, shi ne ya rikiɗe ya zama kamfanin jiragen fasinja Delta Air Lines na yau, kuma bai bar feshi ba sai 1966. In ka jefa wannan a hira dattijo zai san ba da wasa ka zo ba. In ya kai ga abokansa da suka rasu ya yi shiru, kai ma ka yi shiru, kar ka cike masa wurin da surutu.

Sannan kar ka tsaya a matuƙa kaɗai, su ne kowa ke nema. Ka nemi masu tuta. Kafin GPS ta shigo a shekarun 1990 mutum ake tsayarwa a ƙarshen gona da tuta a hannu, matuƙi ya saito shi, in jirgi ya matso sai ya ƙirga taku ya matsa layi na gaba ya sake ɗagawa, yawanci yara ne 'yan makaranta masu neman na kashewa a hutu, ko matar matuƙin, ko leburorin gona. Su suka ga jirgin ta gaba yana zuwa musu kai tsaye, kuma su maganin ya fi sauka a kai.

Wannan ya kawo mu ga maganar da masu kewa ba sa son ji. Farin hayaƙin nan da ke bin jirgi a tsofaffin hotuna yana kyau da hasken safiya, guba ce. Tun gwajin farko da aka yi ranar 3 ga Agusta 1921 kusa da garin Troy a Ohayo, inda Laftanar John Macready ya tuƙa jirgin Curtiss Jenny wani injiniya Etienne Dormoy na juya mazubi da hannu don kashe tsutsar da ke cin bishiyoyin katalpa, hodar da suka zuba ta dalma da arsenik ce. Bayan yaƙi aka shiga DDT har aka hana shi a Amurka a 1972, ga su parathion da ke kashe mutum ta fata kawai, har sai da ta kai ana ɗiban jinin matuƙa da masu lodi lokaci-lokaci ana aunawa. Kai a buɗe, takunkumi wani ya sa wani bai sa ba. Leburorin gonakin inabi na Kalifoniya sun daɗe suna kuka da magungunan ƙwari, har jagoransu Cesar Chavez ya yi yajin cin abinci na kwana 36 a 1988 a kan haka. Don haka in kana rikodin ka bar mai tuta ya faɗi nasa yadda yake, in ya ce shi ba ya kewar komai to ka rubuta haka, kar ka gyara masa.

Da wannan da kuma lissafin kuɗi ne suka kori jiragen. Tun 1950 wani injiniya Fred Weick ya ƙera jirgin gwaji a jami'ar Texas A&M da aka tsara shi don matuƙi ya fita da rai in an faɗi, daga shi aka samu Piper Pawnee, shi kuma Leland Snow ya yi nasa a garin Olney na jihar Tekzas wanda ya haifi Thrush da Air Tractor, duk masu fiffike ɗaya a ƙasa. Injin R-985 an daina ƙera shi tun 1953, kayan gyara sai tsada suke. Stearman na ɗaukan galan ɗari da wani abu, Air Tractor 802 na ɗaukan 800. Ba wanda zai ci gaba da sauka sau biyar don kawai kukan injinsa na da daɗi.

In ka gama hirar ka ɗauki hoton duk hotunansa gaba da baya, ka rubuta sunaye da shekara tun yana iya tunawa, ka ba iyalinsa kwafi, ka kai wani ƙungiyar tarihi ta gundumar, kusan kowace gunduma na da ita kuma murna suke da irin wannan.

Hoto da sauti

Kuskuren da na fara yi, na dawo da hotuna sun fi ɗari uku duk farfela a tsaye cak kaman inji ya mutu a sama, saboda na bar kyamara ta zaɓa wa kanta. Ka saita gudun ƙiftawar kyamarar da kanka, wajen 1/125 zuwa 1/250 na daƙiƙa, ka riƙa bin jirgin da kyamarar kana juya ƙugu ba hannu ba, ka danna kana cikin juyawar kar ka tsaya. Da yawa za su lalace, wanda ya fito zai fito da farfela ta zama faifai gona ta ja layi a baya. Rana ta kasance a bayanka ko a gefe, kuma awa ɗaya bayan fitowarta ya fi duk sauran yinin.

Sautin kuma daban za ka ɗauke shi, kar ka dogara da na bidiyo, iska ce kawai za ka ji tana buu a ciki. Ka samu ƙaramar rikoda, in babu waya ma ta yi, ka sa mata soso ko ka zura ta cikin safa mai kauri, ka rage ƙarfin ɗauka sosai don in ya zo kusa zai fashe, ka ɗora ta a kan wani abu mai laushi nesa da mutane da janareto. Ka kunna tun jirgin bai fito ba, ka gaya wa na kusa da kai su yi shiru, kuma in ya wuce kar ka yi saurin kashewa yadda kowa ke yi, ka bar ta tana ci har kukan ya yi nisa ya koma ɗan gunaguni, tsuntsayen da suka yi tsit su dawo da kukansu, ka ƙirga ashirin a zuci sannan ka danna.